Uwargida Margaret Gowans, Wadda Ɗanta ke Kwance a Girku

A lokacin jubili irin wannan mun saba karanta sunayen fastoci da dattawa da masu bishara waɗanda suka yi wahala domin aikin nan ya kafu, haka kuwa ya kamata. Amma mun keɓe wannan shafi domin wata uwa wadda ba ta taɓa taka ƙasarmu ba, ba ta kuma ji Hausa ba, duk da haka ba shi yiwuwa a ba da labarin zuwan bishara wannan yanki a tsallake ta.

Margaret Gowans asalinta mutuniyar Sikotland ce, amma a birnin Toronto na ƙasar Kanada ta zauna da iyalinta. Ta goyi 'ya'yanta cikin tsoron Allah, sa'anda kuwa suka girma ba ta riƙe su ba. 'Yarta ce ta fara tafiya aikin mishan ƙasar Sin. Bayanta sai ɗanta Walter ya ce shi Sudan za shi. A zamanin nan idan Turawa sun ce Sudan ba ƙasar Khartoum kaɗai suke nufi ba, suna nufin dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamada, tun daga Kwara har zuwa kogin Nilu, da ƙasar Hausa da ta Gwari duka a ciki. Walter ya nemi ƙungiyar mishan da za ta aike shi, a Amurka da Ingila, babu wadda ta yarda. Waɗansu suka ce ba kuɗi, waɗansu suka ce zazzaɓi zai kashe duk Baturen da ya shiga.

Iyaye mata da yawa da sun yi hamdala a ɓoye, gama ƙofa ta rufu, yaro zai dawo gida. Ita kuwa sai ta shiga nema masa abokin tafiya. A 1893 ta ji wa'azin wani saurayi mai suna Rowland Bingham, haifaffen Ingila, wanda bai cika shekara 21 ba. Ta gayyace shi gidanta cin abinci, ta zaunar da shi, ta yi ta ba shi labarin Sudan da miliyoyin mutanen da ba a kai musu bishara ba, har abin ya hana shi sukuni. Ba da daɗewa ba ya shiga jirgin ruwa ya bi Walter zuwa Ingila. Na ukunsu shi ne Thomas Kent, mutumin Buffalo a Amurka, abokin karatun Walter. Suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba, 1893, ba hukuma a bayansu, ba albashi, sai addu'ar wannan uwa da 'yan kuɗin da take tattarawa wurin abokai tana aika musu. Wannan shi ne mafarin ƙungiyar SIM.

A Ikko wani babban ɗan mishan ya gaya musu a fili cewa ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai ko jikokinsu. Zazzaɓi ya kayar da Bingham, aka bar shi a bakin teku yana karɓar wasiƙu da kaya, sauran biyun suka nufo arewa.

Daga nan labarin ya shigo ƙasarmu. Walter ya iso Girku, a ƙasar Zazzau, a daidai lokacin da mayaƙan Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, suke kai hari suna kama bayi. Mutanen Birnin Gwari ba su bukatar a bayyana musu ko wane ne Nagwamatse, kakanninmu sun ba mu labari. Aka kewaye garin da yaƙi, yunwa ta shiga, aka kama Walter tare da mutanen gari, aka ƙwace kayansa, daga baya aka sake shi. Ya kai Zariya a galabaice. Waɗansu Turawa matafiya da ya tarar can suka ga halin da yake ciki, suka sa a koma da shi wajen teku, amma bai wuce Girku ba. Can ya rasu a watan Nuwamba 1894, yana da shekara 26. Yaron da ke masa hidima ne ya binne shi a cikin gona. Ba a yi wata guda ba Thomas Kent shi ma ya rasu a Bida.

Bingham ya koma Kanada a 1895 shi kaɗai, ya tafi gidan Uwargida Gowans da ɗan abin da ya rage na kayan ɗanta. Ku tuna ita ce ta sa wannan saurayi a hanya, ga shi ya dawo da rai, nata ɗan kuwa yana cikin ƙasa a wani ƙauye da ba za ta taɓa gani ba. Da ta yi masa fushi, ko ta ƙi ganinsa, ba wanda zai ga laifinta. Bingham da kansa ya rubuta cewa ta tarye shi, ta kama hannunsa, suka tsaya shiru, sa'an nan ta gaya masa ta gwammace Walter ya mutu can Sudan shi kaɗai da a ce yana gida yana ƙin bin umarnin Ubangijinsa. Masu wa'azi suna son wannan magana ƙwarai, wani lokaci ma suna faɗinta da sauƙi kamar ba ta yi kuka ba. Mu dai shirun nan da ya riga maganar shi ne ya fi tsaya mana a rai. Matan da ke cikinmu waɗanda suka sallami 'ya'yansu zuwa ƙauyukan dajin nan a shekarun da 'yan bindiga suka tare hanyoyi, waɗansu kuma ba su ga dawowarsu ba, sun fi mu sanin nauyinsa.

Ba ta janye hannunta ba bayan wannan. Ta riƙe Bingham kamar ɗanta, ta ci gaba da addu'a da ƙarfafa shi a shekarun da ba abin nunawa sai kaburbura biyu. A 1900 ya sake gwadawa, zazzaɓi ya sake kora shi daga Ikko, mutane suka ƙara yin sanyi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, a bakin Kwara. A wannan shekara ce kuma Dokta Andrew Stirrett ya zo, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani, yana kuma cikin waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Ikilisiyoyin da aikin ya haifa suka haɗu suka zama ECWA a 1954.

Sunayen mazan nan uku ba su ɓace ba. Akwai makarantar Kent a Miango, akwai asibitin Bingham a Jos da jami'ar Bingham a Karu. Sunan Gowans kuwa an sa shi ga wani gida a garin Collingwood na Kanada, inda 'yan mishan suka riƙa barin 'ya'yansu ƙanana su yi karatu, su kuwa su dawo Nijeriya, uwa ta yi shekaru ba ta ga ɗanta ba. Kabarin Walter yana nan Girku, cikin Jihar Kaduna.