Eleanor Slagle: Matar da ta mayar da aiki magani

A farkon ƙarni na ashirin, masu taɓin hankali a manyan asibitocin gwamnati na Amurka kan wuni a zaune ba abin yi, har wasunsu su manta da wanka da sauya tufafi. Eleanor Clarke Slagle na cikin waɗanda suka ga cewa wannan zaman kashe wando kansa yana ƙara musu ciwo.

An haife ta ne a garin Hobart na jihar New York. Sai da ta kai kimanin shekara arba'in kafin ta shiga wannan fanni, lokacin da ta yi wani gajeren kwas a birnin Shikago a 1911, kan yadda ake sa marasa lafiya aikin hannu.

Daga nan ta koma asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, inda ta yi aiki ƙarƙashin likitan ƙwaƙwalwa Adolf Meyer, wanda ke ganin cewa lafiyar hankali na tattare da daidaita lokutan aiki da wasa da hutu da barci.

A kan wannan fahimta ta gina tsarinta na horar da ɗabi'a. Akan raba marasa lafiya zuwa ƙananan rukunoni, a tsara musu yini guda tun daga tashi: wanka, sa tufafi, cin abinci cikin natsuwa, motsa jiki, sannan aikin hannu. Ba kowa ake ba aiki iri ɗaya ba. Mai jinya za ta dubi abin da mutum ke iyawa a yau, ta fara masa da mai sauƙi, sai ya ƙware a ƙara masa mai wuya. Idan aikin ya fi ƙarfinsa zai karaya, idan kuma ya yi masa sauƙi ainun zai gundura. Wannan awo, wanda ya fi dogara da lura da mutum fiye da sunan cutarsa, shi ne mafi wahala a cikin aikin.

A watan Maris na 1917, ita da wasu mutum biyar suka hallara a Clifton Springs, suka kafa ƙungiyar masu jinya ta hanyar aiki ta Amurka. Ta shugabanci ƙungiyar, ta kuma daɗe tana sakatariyarta har zuwa 1937.

Tun daga 1922 take kula da wannan fanni a asibitocin ƙwaƙwalwa na jihar New York, kuma tana kan muƙamin ta rasu a watan Satumba na 1942.

Daga baya ƙungiyar ta kafa lacca da sunanta. A laccar 1983 ne Joan Rogers ta ɗauki batun yadda mai jinya ke yanke shawara, inda ta nuna cewa abin ya haɗa ilimin kimiyya da sanin ya kamata da kuma gwanintar hulɗa da marar lafiya.