Nana Asma'u, Mai Koyarwa Da Waƙa

Mu da muka tashi a ƙauyukan Ungogo mun saba jin mata suna waƙa a bakin turmi da wurin niƙa. Abin da yarinya ta ji can ba ta mantuwa da shi har tsufa. Ga labarin wata mace wadda ta gane wannan.

An haifi Nana Asma'u a Degel wajen shekara ta 1793. Ita 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce. Tun tana ƙarama ta sha wahalar hijira da yaƙi. Ta auri Giɗaɗo, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ta rubuta waƙoƙi da yawa da Larabci da Fillanci da Hausa.

Amma matan karkara fa? Yawancinsu ba su iya karatu ba. Sai ta zaɓi waɗansu dattawan mata, ta ba kowacce malfa da jan rawani, ana ce mata jaji. Su kan zo wurinta da ayarin mata, su haddace waƙoƙin, su koma ƙauye su rera wa 'yan'uwansu. Su ne 'Yan Taru. Da haka ilimi ya shiga gidajen da takarda ba ta taɓa shiga ba.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. Mata biyu kuma, Jean Boyd da Beverly Mack, suka tattara waƙoƙinta, aka buga a 1997.

Mu da muka iya karatu, me muka kai wa maƙwabtanmu da ba su iya ba?