Melitta Bentz, matar da ta tace kafe da takarda

Ƴan uwa masu karatu, kun san yadda ake tace gasara. Mace ta niƙa gero, ta dama shi da ruwa, ta ɗaura ƙyalle a bakin ƙwarya, ta zuba. Ruwan gasara ya wuce, dusa ta tsaya bisa ƙyalle. Kun kuma ga rariyar mai shayi a bakin tasha. To, yau za mu ba ku labarin wata mata da ta yi irin wannan aiki na tacewa, amma da takarda. Sunanta Melitta Bentz. Bajamushiya ce. Ta rasu tun 1950, amma har yau ana aiki da dabararta a gidaje da yawa cikin duniya.

Kafe iri biyu ne

Kafen da kuka saba gani wurin mai shayi, na gwangwani ko na ƴar leda, narkewa yake yi cikin ruwan zafi kamar sukari. Shi ba ya bukatar tacewa. Amma akwai kafe na asali. Ƴaƴan itace ne, a soya su, a niƙa. Garin nan ba ya narkewa. In an dafa shi, sai diddiga ta kwanta a gindin kofi, ta shiga bakin mai sha kamar rairayi. In ya daɗe bisa wuta kuma, ya yi ɗaci.

A zamanin Melitta, mutanen Jamus irin wannan kafe suke sha. Waɗansu suna tace shi da jakar ƙyalle. Amma ƙyallen yana da wuyar wanki, kuma in ya tsufa yakan ɓata ɗanɗanon kafe. Waɗansu suna da rariyar ƙarfe, amma gari mai laushi yana bi ta hudojinta.

Haihuwarta da aurenta

An haifi Melitta ran 31 ga watan Janairu na 1873, a birnin Diresden, gabashin ƙasar Jamus. Ubanta mai saida littattafai ne. Da ta girma ta auri wani mutum mai suna Hugo Bentz, ma'aikacin wani babban kanti. Sun haifi ƴaƴa uku: maza biyu, Willy da Horst, da ɗiya ɗaya, Herta.

Melitta matar gida ce. Ba injiniya ba ce, ba ta da maƙera, ba ta da masana'anta. Kowace safiya ita ke dafa kafe, ita ke wankin ƙyallen tata. Abin ya dame ta. Mata da yawa abin ya dame su, suka yi haƙuri. Ita kuwa sai ta shiga gwaje-gwaje a madafinta.

Ƙusa, tukunya da takardar ɗan lakkwal

A wancan zamani ƴan lakkwal da alƙalami da tawada suke rubutu. In yaro ya gama rubutu, sai ya ɗora wata takarda mai laushi bisa shafin, ta shanye tawadar da ba ta bushe ba, don kada rubutun ya ɓaci. Kowane ɗan lakkwal yana da irinta cikin kayensa.

Wata rana cikin 1908, Melitta ta ɗauki wata ƴar tukunyar tagulla, ta huhhuda gindinta da ƙusa. Ta ciro takardar shan tawada daga kayen ɗanta Willy, ta yanka ta daidai gindin tukunyar, ta shimfiɗa. Ta zuba garin kafe bisa takardar, ta aza tukunyar a bakin buta, ta zuba ruwan zafi. Ruwan ya ratsa gari, ya ratsa takarda, yana ɗiga sannu-sannu. Da ta duba, ga kafe garau, babu diddiga. Ɗacin ma ya ragu. Wanki kuwa babu wuya: a ɗauke takarda da garin da ke kanta, a zubar.

Mene ne asirin? Takarda tana da hudoji ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana iya wucewa, gari ba ya iyawa. Daga baya masana sun gano cewa takardar tana tare wani maiƙo na kafe wanda ke ƙara kitse cikin jini.

Ta sa an rubuta

Ku lura da abin da ta yi bayan haka, don nan ne wayonta ya fito. Dabarar nan mai sauƙi ce. Duk wanda ya gani sau ɗaya yana iya kwaikwayo, ya ce tashi ce. Saboda haka Melitta ba ta tsaya ga nuna wa maƙwabta ba. Ta aika da bayanin dabarar a rubuce zuwa ofishin gwamnati da ke Barlin, inda ake rajistar sababbin dabaru. A watan Yuni na 1908 aka rubuta dabarar da sunanta. A lokacin nan matan Jamus ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa.

Ran 15 ga watan Disamba na wannan shekara, ta sake yin wata rajista, ta kamfani. Sunan da aka rubuta shi ne M. Bentz, wato sunanta. Jarin da aka fara da shi bai kai mark 1 ba, kuɗin Jamus na lokacin. Cikin ɗaki ɗaya na gidansu suke aiki. Mijinta ya bar aikin kanti ya kama mata. Shi ke zagaya kantuna yana nuna yadda ake tacewa, yara kuma suna kai kaya cikin ɗan amalanke. A 1909 suka je babbar kasuwar baje koli ta birnin Laifzig, suka saida matatai fiye da 1000.

Shekarun wahala

A 1914 yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Aka ɗauki Hugo soja. Takarda ta yi wuya. Jiragen ruwan Ingila suka tare hanyar teku, kafe ya daina shigowa Jamus. Wa zai sayi matacin kafe alhali babu kafe? Melitta ba ta rufe ƙofa ba. Ɗan uwanta ya taimake ta, ta koma saida kwalaye, da haka ta ciyar da gida har yaƙi ya ƙare a 1918.

Bayan yaƙi ciniki ya dawo, ya ƙaru. Wuri ya yi musu kaɗan a Diresden. A 1929 suka kwashe injuna suka koma garin Minden, yammacin ƙasar. Ba da jimawa ba Melitta da mijinta suka danƙa wa ƴaƴansu maza kamfanin. Amma ba ta janye idonta daga ma'aikata ba. An san ta da kula da hutunsu, da kyautar ƙarshen shekara, da asusun taimakon wanda ya shiga matsala.

A shekarun 1930 aka sake siffar matacin. Aka yi shi kamar mazurari, mai faɗin baki da tsukakken gindi, takardar kuma ta zama kamar ƴar jaka. Ita ce siffar da aka fi sani a yau.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye muku ba. A zamanin mulkin Hitila, ɗanta Horst, wanda ke riƙe da kamfanin, ya shiga jam'iyyar Nazi. A yaƙin duniya na biyu masana'antar ta bar kayan kafe ta koma yin kayan yaƙi, an kuma sa mutanen da aka kamo daga waɗansu ƙasashe aikin tilas a cikinta.

Rasuwarta

Hugo ya rasu a 1946. Melitta ta bi shi ran 29 ga watan Yuni na 1950, a wani ƙauye kusa da Minden, tana da shekara 77. Kamfanin yana nan a Minden, a hannun zuriyarta, kuma sunanta ne bisa kwalin takardun: Melitta.

Ƴan uwa, a gidajenku ma akwai masu dabara: a wajen ƙuli-ƙuli, da sabulu, da murhu, da rini. Sau da yawa dabarar takan bazu, sunan mai ita ya ɓace. Na Melitta bai ɓace ba, don an rubuta shi, da rana da wata da shekara. Ku da kuka iya rubutu yanzu, in kun ƙulla wani abu naku, ko ciniki, ko bashi, ko adashi, ku ɗauki kaye ku rubuta, ku sa kwanan wata.

Tambayoyi

1. Don me garin kafe na asali yake bukatar tacewa?
2. Waɗanne abubuwa uku Melitta ta yi aiki da su a 1908?
3. Don me ta sa aka rubuta dabararta a ofishin gwamnati?
4. Da me ta ciyar da gidanta a lokacin yaƙin duniya na farko?
5. Ku rubuta wata dabara da kuka san mai ita a garinku, tare da sunansa ko sunanta.