Tarihin Nana Asma'u ƴar Shehu, malamar da ta tura ɗalibanta hidimar ƙauyuka

A wannan mako filinmu na tarihin magabata zai leƙa birnin Sakkwato, domin mu kawo wa masu karatu rayuwar wata baiwar Allah da ta rasu fiye da shekara 160 da suka wuce, wato Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Dalilin da ya sa muka zaɓe ta shi ne, mu a nan Damargu, daga gundumar Tanut har zuwa ta Belbeji, mun daɗe da wata tambaya a bakinmu: ta yaya wanda ya yi karatun aikin jin daɗin jama'a zai kai amfanin karatunsa ga macen da ke zaune a ruga ko a tunga, nesa da kwalta, nesa da gidan likita? Nana Asma'u ta fuskanci irin wannan tambaya a zamaninta, kuma ta samo mata amsa tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar Hausa da niyyar mulki.

Asalinta da tasowarta

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a Degel, wani ƙauyen malamai da ke ƙasar Gobir ta wancan lokaci, wanda a yau yake cikin jihar Sakkwato ta Nijeriya. Mahaifinta, Shehu Usmanu, an haife shi ne a 1754 a Maratta, cikin ƙasarmu ta Nijar ta yau. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hassan, kuma bisa al'ada da Usaina za a kira ta, amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u, ƴar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, sauran matan gidan suka ci gaba da renonta.

Gidan da ta tashi gida ne da mata ke karatu kamar yadda maza ke yi. A cikin littafinsa Nurul Albabi, Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da ke wuni suna karantar da almajirai a zaure, alhali sun bar matansu da ƴaƴansu mata cikin duhun jahilci. A irin wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da sufanci a kan tafarkin Ƙadiriyya. Ta iya harsuna huɗu: Larabci, Fulatanci, Hausa da kuma Buzanci, waɗanda duk wanda ya shiga kasuwar Tanut ranar ci zai ji su da kunnensa.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Fabrairun 1804, bayan da dangantaka ta lalace tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da yunwa da cuta da yawon neman mafaka. Ta ga nasarar Tabkin Kwatto, ta kuma ga asarar da aka yi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama. Tun tana yarinya ta san yadda gida ke zama idan maigida bai dawo daga fagen fama ba.

A 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Alkalawa ta faɗi a 1808, aka kafa Sakkwato a 1809. Da Allah Ya yi wa Shehu rasuwa a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuma Wazirinsa. Asma'u ta shiga aikin tattara rubuce-rubucen mahaifinta da adana su, tana kuma rubuta nata.

Matsalar da ta tarar

Daula ta faɗaɗa, amma ilimi bai bi ta da irin wannan sauri ba. Mafi yawan matan karkara Hausa kawai suke ji, alhali littattafai da Larabci suke, waƙoƙin wa'azi da yawa kuma da Fulatanci. Ga kuma ɗimbin mata da yara da yaƙi ya raba da garuruwansu, aka kawo su a matsayin ganima, musamman bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya rinjayi haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Buzaye. Ba mu manta ba cewa waɗanda aka ci a wannan yaƙi kakannin ƴan'uwanmu ne na Tsibiri da Maraɗi, kuma Asma'u tana ɓangaren da ya yi rinjaye. Abin da ya sa tarihinta ya cancanci a tsaya a kansa shi ne abin da ta yi da wannan matsayi nata.

Macen da aka kawo garin da ba ta da uwa ba ta da uba a cikinsa, idan ɗanta ya kwanta ciwo ko naƙuda ta zo mata da gardama, inda ta saba nan za ta nufa, wato wajen ƴan bori. A Gobir kuwa bori yana da shugaba mai ƙarfi, Inna, sarautar da har yau ake naɗawa a Tsibiri. Asma'u ta gane cewa hani da baki kawai ba zai raba mace da wurin da take samun sauƙin zuciya ba, sai an ba ta wani wurin da za ta samu ilimi da addu'a da ƴan'uwan da za su tsaya mata.

Ƴan Taru da jajinsu

Cikin shekarun 1830 ta kafa tsarin da aka sani da Ƴan Taru. A kowane ƙauye ana duban mace dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen garin suka yarda da ita, sai Asma'u ta naɗa ta jaji. Masu bincike sun ce daga bakin fatake aka aro wannan suna, ma'ana mai jan gaban ayari, kuma mu mutanen Damargu da ayarin Kano zuwa Agadas ya ratsa ƙasarmu shekaru aru-aru mun san nauyin wannan aiki. Alamar naɗin ita ce malfa da jan ƙyalle da ake ɗaura mata. Malfa kuwa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su, saboda haka duk macen karkara da ta hango jaji ta san shugaba ce ke tafe, sai dai saƙon da ke bakinta ya sauya.

Matan aure masu goyo ba sa iya barin gidajensu su yi doguwar tafiya. Don haka jaji kan tattaro ƴan mata da ba su kai aure ba da tsofaffin da suka gama haihuwa, su tako a ƙafa har gidan Asma'u. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da zare, abin da matan da suka rage a gida suka aiko. Asma'u ba ta tara wannan kaya don kanta, takan raba wa miskinai da naƙasassu da marasa galihu. Ɗaliban su zauna su ɗauki karatu, su faɗi matsalolin garinsu a ba su shawara, sannan su koma.

Komawar ita ce cikar karatun. Ɗaliba ba ta gama ba sai ta shiga gida-gida ta isar da abin da ta koyo ga waɗanda ba su samu zuwa ba. Ayyukan da aka san Ƴan Taru da su sun haɗa da koya wa mata alwala da salla, duba marasa lafiya, taimakon masu jego, yi wa mata wankan gawa, share masallaci da sasanta ma'aurata ko maƙwabta idan rigima ta tashi. Wanda duk ya san abin da ake koya wa ma'aikacin jin daɗin jama'a a yau zai ga kamanni a fili.

Waƙa ce littafinsu

Da yake yawancin ɗalibanta ba su iya karatun takarda ba, Asma'u ta zuba darussanta cikin waƙa, abin da mace za ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Ta yi waƙar da ta jera sunayen surori 114 na Alƙur'ani, da Fulatanci da kuma Hausa. Ta yi wadda ta lissafa mata salihai tun daga iyalan Manzon Allah (SAW) har zuwa matan jama'ar Shehu, domin ɗaliba ta san tana da magabata mata abin koyi. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, a kan surori da addu'o'in neman waraka, ciki har da abin da ya shafi ciki da haihuwa.

Ba ta tsaya ga ibada kaɗai ba. A 1831 ta mayar da wata waƙar Shehu daga Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin sarakuna da alƙalai da ƴan kasuwa a kan zalunci da cin hanci da tauye mudu. Fassara ta zuwa Hausa na nufin talaka ya ji da kunnensa iyakar da shari'a ta gindaya wa mai mulkinsa. Haka kuma ta yi waƙar nuna goyon baya lokacin da aka tuɓe Ɗan Yalli na Yabo saboda rashin adalci, ko da yake ɗan gida ne a cikin daular.

Marsiyyoyinta ma makaranta ne. Ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, amma kuma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, macen da ba ta da wata sarauta sai kirki da son zumunci, ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta. A cikinsu abin da take yabo shi ne haƙuri da kyauta da tsayawa ga marayu da baƙi.

Rasuwarta da abin da ta bari

Allah Ya yi wa Nana Asma'u rasuwa a 1864, tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbaren Shehu kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin Ƴan Taru, bayanta kuma Ta Modi ta karɓa, tsarin ya rayu har bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903. Zuriyarta ta riƙe sarautar Waziri, kuma daga hannun ɗaya daga cikinsu, Waziri Junaidu, ne wata Baturiya mai suna Jean Boyd ta samu rubuce-rubucenta, inda ita da Beverly Mack suka buga su a 1997, ayyuka kimanin 60. A yau makarantun mata da dama a Nijeriya suna ɗauke da sunanta.

Littattafan koyon aikin jin daɗin jama'a sukan fara tarihin sana'ar ne daga gidan Toynbee Hall na Landan, wanda aka buɗe a 1884 domin ɗaliban jami'a su zauna cikin talakawa, da kuma Hull House da Jane Addams ta kafa a Shikago ta Amurka a 1889. Ƴan Taru sun girme su da kusan shekara 50, amma ɗalibanmu da yawa kan gama karatu ba su taɓa jin sunansu a aji ba.

Abin da ya shafe mu

Damargu ƙasa ce mai faɗi, garuruwa a warwatse, rijiyoyi masu zurfi, manomi da makiyayi suna shan ruwa wuri guda. Waɗanda suka ga yunwar 2005 sun san cewa taimako kan tsaya inda mota ta tsaya, kuma macen da ta fi buƙata ita ce wadda ba ta iya zuwa layi. Ma'aikatan da makarantun kiwon lafiya da jin daɗin jama'a na Yamai da Damagaram ke yayewa ba za su taɓa wadatar kowace ruga ba. Dabarar Asma'u ita ce ta nemi wadda gari ya riga ya amince da ita, ta koyar da ita da harshen da take ji, ta girmama ta a gaban jama'a, sannan ta auna karatunta da abin da ya sauya a garinsu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a jihar Maraɗi a 1991 sun nuna cewa irin wannan shuka tana kamawa a ƙasarmu.

Kiranmu ga malaman waɗannan makarantu shi ne su sa tarihin Ƴan Taru cikin darasi, su kuma riƙa tura ɗalibai su yi makonni a Gangara ko Olelewa ko Tarka kafin a ba su takardar shaida. Ɗalibin da aka tura kuma, ya fara da gaida ungozoma da tsohuwar da ake kai wa ƙara a garin, domin ita ce jajin da zai yi aiki da ita.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya kai haske kabarinta, Ya ba mu ikon koyi da kyawawan ayyukanta, amin. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.