Peyton Rous (1879–1970): Likitan da Ya Gano Bairos Mai Haddasa Sankara

An haifi Francis Peyton Rous a birnin Baltimore na ƙasar Amurka ranar 5 ga Oktoba, 1879. Ya yi karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins, inda ya kammala a 1905, duk da cewa tarin fuka ya ɗauke shi daga karatun na tsawon shekara guda. A 1909 ya kama aiki a Cibiyar Rockefeller da ke New York.

A can ne aka kawo masa wata kaza mai ƙari a ƙirji. Ya niƙa ƙarin, ya tace ruwansa ta yadda babu ƙwayar jiki ko bakteriya da za ta iya ratsa matatar, sannan ya yi wa lafiyayyun kaji allurarsa. Sai ga ƙarin ya fito musu. Ya wallafa sakamakon a 1911, amma masana suka yi ko oho da shi, a ganinsu abin kaji bai shafi ɗan Adam ba. Wajen 1915 ya jingine binciken, ya koma kan hanyar adana jini, aikin da ya amfani sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Abin da ya dawo da shi a 1934 shi ne bairos ɗin fafiloma da Richard Shope ya gano a jikin zomaye. Rous ya nuna cewa tsiron da bairos ɗin ke fitarwa a fata kan rikiɗe ya zama sankara. Sai dai ya kafe a kan cewa sauyin ƙwayoyin gado ba shi ne tushen cutar ba, kuma a nan, a ganina, kuskurensa mafi girma yake.

An ba shi lambar Nobel a 1966, shekara 55 bayan aikin kazar, ya kuma rasu ranar 16 ga Fabrairu, 1970. Bai riski amsar ba. A 1979 aka gano furotin p53 manne da furotin na bairos ɗin SV40, daga bisani aka fahimci aikinsa shi ne dakatar da ƙwayar jikin da ta lalace, ko ma kashe ta. Fafiloman ɗan Adam, ɗan uwan na zomayen, yana fitar da furotin E6 mai sa a narkar da p53, da E7 mai ɗaure Rb, birkin da ke hana ƙwayar jiki rabuwa ba bisa ƙa'ida ba. Ta haka sankarar bakin mahaifa ke samun gindin zama.