Malam Aminu Kano, Malamin Da Ya Koyar Da Neman Hujja

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, Kano, a 1920. Bayan karatun allo ya shiga Kwalejin Kaduna, sa'an nan ya koyar a Midil ta Bauchi da Kwalejin Horon Malamai ta Maru. Bai yarda ɗalibi ya tsaya ga hadda kaɗai ba, sai ya nemi dalilin abin da aka faɗa masa, domin matambayi ba ya ɓata. Ya ajiye aikin koyarwa a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Sabon Gari. Daga nan talakawan Fagge da sauran unguwanni suka zama almajiransa, yana koya musu ta hanyar tafsiri da lacca su nemi hujja ko daga bakin mai mulki. Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983. Allah Ya jiƙansa.