Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, marayan Bebeji da ya zama uban attajiran Kano

Yau za mu leƙa ƙasar Kano domin mu kawo muku labarin marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, mutumin da a lokacin rasuwarsa cikin shekara ta 1955 ake lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Da wuya a samu ɗan kasuwa a Ɗan Isa ko Jibiya, Ƙonni ko Illela, Magarya ko Maigatari, wanda bai taɓa jin sunan gidan Ɗantata ba. To amma da yawa sun san ƙarshen labarin ne kawai, ba su san cewa mai wannan suna ya yi maraici, ya yi almajirci, har ya taɓa faɗawa hannun mayaƙa kafin ya ga haske ba.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekara ta 1877. Mahaifinsa Abdullahi ɗan Baba Talatin ne, wani attajiri da ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Zuriyarsu Agalawa ce, wato ɗaya daga cikin ƙungiyoyin fatake da suka shahara da safarar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce mai jarin kanta.

Abdullahi ya rasu wajen 1885, lokacin Alhassan bai wuce shekara takwas ba. Aka raba gado bisa shari'a, amma yaran sun yi ƙanƙanta ƙwarai da riƙon dukiya, kuma abin da ya samu a rabon bai daɗe ba. Mahaifiyarsu kuwa ta tashi ta koma Akara, wadda fatake ke kira Ankara, a ƙasar Gana ta yanzu, inda take da harkokinta. Ta bar ƴaƴan a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa ne aka samu laƙabin Ɗantata, wanda ya bi zuriyar har yau.

Aka sa shi makarantar allo a nan Bebeji. Kamar sauran almajiran zamanin, shi ke neman abin da zai ci da abin da zai sa, ta hanyar bara da ƴan aikace-aikace. Tata ce ta koya masa ajiya. Duk wurin da ya samu, sai ta sa ya ware wani abu ya jefa cikin asusu, komi ƙanƙantarsa. Wannan tarbiyya ta tsohuwa ita ce jarinsa na farko, kuma bai rabu da ita ba har ya tsufa.

Tafiyar Gwanja

Da ya kai kamar shekara 15, sai ya shiga ayarin fatake masu zuwa Gwanja domin ya ga mahaifiyarsa. Ya kamata matasanmu na yau su san irin wannan tafiya. Ayari kan tashi da rani, da jakuna ɗaruruwa ɗauke da kanwa da tufafin saƙi da baƙin rini da kayan fata, ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, uban dawaki kuma na lura da sha'anin fito da sarakunan hanya. Sai a ƙetare kogin Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, inda ake haɗuwa da goron da ke fitowa daga dazuzzukan Asante. Zuwa da dawowa kan cinye watanni masu yawa, wani lokaci shekara guda cur. Ga ƴan fashi, ga kuɗin fito a kowace ƙasa, ga shi kuma goro ba ya son sakaci: in ba a kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince mai sankara ba, kafin a iso Kano rabin jari ya tafi.

Alhassan bai tafi hannu sake ba. Da ɗan abin da ya tara ya sayi kaya a Bebeji, ya sayar da rabi a hanya, sauran kuma a Akara. Yana zaton mahaifiyarsa mai dukiya za ta riƙe shi cikin jin daɗi, sai ta kai shi wurin wani malami ta ce ya zauna nan har lokacin komawarsa. Wahalar da ya sha a Akara ta fi ta Bebeji, domin bayan karatu yana yi wa malam bara, yana kuma aikin ƙarfi don samun kuɗi. Amma a wannan zama ne idonsa ya buɗe. Ya ga jiragen ruwa, ya ga kantunan Turawa, ya ga yadda ake ciniki a bakin teku.

Bayan ya dawo gida, sai Yaƙin Basasar Kano ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa da dama suna ɓangaren Tukur, shi ne kuwa aka ci da yaƙi. Aka washe dukiyar mutane, aka kama wasu, ciki har da Alhassan da ƴan'uwansa, kuma sai da aka biya fansa kafin su kuɓuta daga bauta. Yana saurayi ke nan ya sake komawa farko.

Sabuwar hanyar goro

Lokacin da ƙura ta lafa, duniyar fatauci ta riga ta sake. Kasuwar Salaga ta faɗi bayan nata yaƙin basasa na 1892. Ingilishi da Faransawa da Jamusawa sun yanka iyakoki a kan tsohuwar hanyar Gwanja, kowa da harajinsa. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, a shekarar kuma layin dogo daga Sakandi ya isa Kumasi. Fatake da yawa sun nace wa hanyar da suka gada daga iyaye. Alhassan kuwa sai ya juya kudu, ya riƙa bi ta Badun zuwa Ikko. Daga wajen 1906 ya fara ɗora kayansa a jirgin ruwa tsakanin Akara da Sakandi da Ikko, yana cikin Hausawa na farko da suka yi haka. Goron da a da yakan yi watanni a bayan jaki, yanzu cikin kwanaki ya iso Ikko. Abin da ya biyo baya shi ne jarinsa na juyawa sau da yawa a shekara, alhali mai bin ƙasa sau ɗaya yake juyawa. Ban da goro, yana kawo duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa.

A nan akwai abin lura gare mu mazauna bakin iyaka. Mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun kuma ga rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023 wadda ta kai har Maris 2024. Wanda duk cinikinsa ya rataya a kan hanya ɗaya da kaya iri ɗaya, shi ya fi kowa jin jiki. Ɗantata ya gamu da irin wannan tun fiye da shekara ɗari, kuma abin da ya fisshe shi shi ne ya san wata hanyar tun kafin tsohuwar ta toshe.

Zamanin gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ɗaukar kaya a 1912. Turawa sun sa ran auduga za su riƙa kwasa, sai ga shi gyaɗa ce, wadda mu nan muke ce wa gujiya, ta cika tasha. Dalili kuwa masana'antun Turai na bukatar manta domin yin sabulu da man shafa wa burodi, kuma manomi ya ga ta fi auduga riba, ga shi in ciniki ya ƙi yana iya cin abarsa. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su jin Hausa, don haka dole suka nemi attajiran gari. Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo suna cikin waɗanda suka fara shiga.

Alhassan ya dawo birnin Kano da zama, ya gina gida a Sarari kusa da Ƙoƙi, lokacin wurin fili ne. A 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya shigo a baya, amma yana da abubuwan da suka ba shi fifiko: yana da jarin kansa daga goro, ya iya ɗan Turanci da lissafin Turawa saboda zaman bakin teku, sa'an nan yana da yara amintattu a garuruwa da yawa. Zuwa 1922 ya wuce duk attajiran Kano. Da aka kafa kamfanin UAC a 1929, shi ne ya zama babban mai saya masa amfanin gona a arewa. A reshen Kano na bankin Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank daga baya, Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20.

Yadda yake aiki shi ne abin da ya fi dacewa ɗan kasuwa ya duba. Kafin kaka yakan raba wa yaransa kuɗi da kaya, irin su gishiri da yadi, su shiga ƙauyuka su ba manoma, in an girbe su karɓi gyaɗa su auna su tura tasha. Babu takardar lamuni, babu jingina, amana ce kawai da sanin asalin mutum. Amma kowane kwabo a rubuce yake, kuma bayan kaka kowa zai zo ya yi lissafi. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa jari baɗi, har ya kai ga tsayawa da ƙafarsa, shi ma ya ɗauki nasa yara. Ta haka gidaje masu yawa a Kano suka samu tushen arzikinsu. Irin wannan tsari na ubangida da bara shi ne kuma ya tayar da Alhazan Maraɗi, waɗanda su ma da yawansu daga awon gujiya suka fara, a lokacin da gujiyar Maraɗi da Damagaram ke bi ta tashar Kano zuwa teku.

Saboda jirgin ƙasa ba ya iya kwashe abin da ake sayowa, sai aka riƙa jera buhuna ana tayar da su sama kamar tsauni. Wannan ita ce dalar gyaɗa da ta zama alamar Kano, kuma da sunan Ɗantata ake danganta ta. Dala guda takan ɗauki buhu har 15,000.

Duk da haka hanya ba ta zama shimfiɗaɗɗiya ba. A 1940 ya nemi izinin saye da fitar da gyaɗa waje da kansa kamar yadda kamfanonin Turawa ke yi, gwamnatin mulkin mallaka ba ta ba shi ba. Sai a kakar 1953 zuwa 1954 ya samu lasin sayen gyaɗa kai tsaye a madadin hukumar ciniki, ba tare da bi ta hannun wani kamfani ba. Shekara goma sha uku yana jira bai fasa ba. Ya kuma haɗa kai da sauran attajirai suka kafa kamfanin Kano Citizens Trading Company da nufin kafa masaƙa ta ƴan ƙasa, domin ya gane cewa mai sayar da ɗanyen kaya kullum yana ƙarƙashin mai sarrafa shi.

Halinsa da rasuwarsa

Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa mutum ne mai tsimi da sauƙin kai, ba ya son almubazzaranci, kuma shi da kansa yake duba littattafan lissafinsa. Ya sauke farali tun farkon shekarun 1920 ta jirgin ruwa, ya kuma biya wa mutane da dama kuɗin aikin hajji. Gidansa na Sarari bai rabu da ciyar da mabukata ba.

Da ciwo ya tsananta a 1955, ya tara ƴaƴansa da babban mai riƙe masa kuɗi, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje, su kuma ci gaba da kula da talakawa. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka rufe shi a gidansa na Sarari.

Gyaɗar da ta ɗaukaka shi ba ta dawwama ba. Farin shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gonaki a 1975, da kuma komawar Najeriya ga man fetur, sun share dalar gyaɗa daga Kano. Amma gidan bai faɗi ba, domin ƴaƴansa, irin su Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu, sun riga sun bazu cikin sufuri da gine-gine da sauran sana'o'i. Alhaji Sanusi ya rasu a 1997, Alhaji Aminu kuma a watan Yuni 2025, aka rufe shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, jikan Sanusi ne ta wajen uwa, kuma shi ma da rancen jari daga dangin mahaifiyarsa ya fara kasuwanci.

To ƴan'uwa ƴan kasuwa, yaron da ke tura baro ko yake jiran shago a kasuwarku yau, a irin matsayinsa Alhassan ya taso. Shi yaron, abin da ke kansa shi ne ya buɗe asusu, ya raba uwar kuɗi da riba, ya riƙe amanar abin da aka danƙa masa. Ku kuma iyayen gida, in yaro ya yi muku shekaru bai ci amana ba, ku yanka masa jari ku sallame shi, kamar yadda Ɗantata ya yi wa nasa. Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan da rahama, ya sa albarka a kasuwanninmu.